Zuwa Muze da ƙananan yara: yadda muke tsara yinin a Yamai

Yaron da bai kai shekara bakwai ba, abin da zai iya bayarwa na tafiya da kallo da saurare bai wuce awa biyu da rabi ba, in gari da sanyi ya kai uku. Gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama kuwa, wanda kowa a Yamai yake ce wa Muze, fili ne mai hekta 24. Ga zaurukan kayan tarihi a warwatse, ga gidan dabbobi, ga rumfunan masu sana'ar hannu, ga samfurin gidajen ƙabilun ƙasar nan. Babba ma ba ya gama shi a wuni ɗaya in da gaske kallo ya zo yi. Saboda haka duk shirinmu a kan tambaya ɗaya yake tsayawa: awoyin nan biyu da rabi a ina za a kashe su, kuma da me za a fara. Yaran da muke zuwa da su tsakanin shekara uku ne da tara, wani lokaci har da na goye, kuma a kansu aka gina tsarin da zan bayyana.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi. Safiya tana da sanyi har wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yaro yana iya tafiya bai jiƙe da gumi ba. Abin lura a lokacin shi ne ƙurar hunturu: ranar da aka tashi da hazo mai kauri, in akwai mai asma ko mai tari a cikin yaran, muna ɗage tafiyar. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma yawancin tafiyar a fili ake yin ta, daga wannan zaure zuwa wancan. In dole sai a watannin nan, to ƙarfe goma da rabi ta same ku a hanyar gida. Da damina, safiyar da ta biyo ruwan dare tana da daɗi ƙwarai, sai dai a sa wa yara takalmin da ba ya santsi. Ba ma sa rana ranar Litinin sai mun tabbatar tukuna, don ita ce ranar hutun gidajen tarihi a wurare da yawa, Juma'a kuma safiyarta gajeriya ce ga mai son ya shirya masallaci. Asabar da safe muka fi zaɓa.

Ranakun sallah kuwa, ƙarama da babba, ba na ba mai ƙananan yara shawarar zuwa. Al'ada ce a Yamai yara su yi kwalliya su cika Muze a kwanakin, abin sha'awa ne ga ƴan shekara goma sha, amma ɗan shekara huɗu ba abin da zai gani sai bayan mutane, kuma a irin cunkoson nan ne yara suke ɓata.

Shiri da dare ake yin sa. Ruwa ne farko. Ga manya biyu da yara uku muna ɗaukar lita shida, wato manyan gorunan roba huɗu na lita ɗaya da rabi. Biyu daga ciki muna sa su a firiza tun da magariba, amma ba a cika su taf ba, sai kashi uku cikin huɗu, don ruwa in ya daskare yana kumbura ya fasa gora. Da safe a ƙarasa cika su, a naɗe da tsumma. Sauran biyun ruwa ne haka nan, su ake fara sha kafin ƙanƙarar ta narke. Ana samun ruwan leda a ciki da wajen ƙofa, amma ba shi ne abin dogaro ba, kuma yaro ɗan shekara uku rabin ledar a rigarsa yake ƙarewa. Kofin roba ɗaya ga kowane yaro ya fi.

Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa cikin zafi: biredi, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, dabino, ayaba ko lemu. Fura da nono da yawur muna barin su a gida, don awa biyu a jaka cikin rana sun isa su juya cikin yaro. Gyaɗa ba ma ba ɗan ƙasa da shekara huɗu, musamman yana tafe yana ci, saboda shaƙewa, dabinon ma a cire masa ƙwallo. Sai tabarma ƙarama ko zani na shimfiɗa, buta, guntun sabulu, hula ga kowa, kayan canji guda ga ƙaramin, leda ta zuba shara, filasta, da ƙunshi ɗaya na gishirin zawo na farmasi, wanda ake kira SRO. Keken tura jariri ba ya amfani sosai a can, don akwai yashi da gangare da matakala. Goyo ya fi shi nesa ba kusa ba.

Kuɗi a nemi canji tun jiya: ƴan dala goma, dala ashirin, ɗari-ɗari, da jika-jika kaɗan. Mai zuwa ƙofa da takardar jika goma da sassafe zai tsaya jiran canji yara suna ja masa riga.

A daren muke gaya wa yaran inda za a je, kuma doka uku kawai muke ba su, don in ta yi yawa ba wadda za su riƙe. Ba a sa hannu cikin keji. Ba a taɓa gilashi. Wanda ya duba bai ga Baba ko Mama ba, ya tsaya cik inda yake, kada ya tafi nema. Da safe a maimaita, a sa su faɗa da bakinsu. Bayan sun sha koko sun shiga bayan gida, kowa ya sa kayansa, sai a ɗauki hoton kowane yaro a salula daga kai har ƙafa. In yaro ya ɓata, uwa a ruɗe takan manta ko wace riga ta sa masa, hoton ne za a nuna wa masu gadi. Lambar waya a rubuta a takarda a sa a aljihu, ƙaramin da ba shi da aljihu a rubuta masa da biro a damtse. Babba ɗaya bai kamata ya riƙe ƙananan yara fiye da biyu ba. In sun kai biyar, a nemi gwaggo ko wata yaya ta raka.

Wurin yana tsakiyar gari, kusa da Gadar Kenedi da otal Gaweye, ba mai taksin da zai ce bai san Muze ba. Da yara uku ya fi a ɗauki taksin gaba ɗaya, a yi ciniki kafin a shiga, maimakon a biya kujera-kujera mota tana tsayawa ɗaukar mutane. Muna son ƙarfe tara ta same mu a bakin ƙofa.

A wurin sayen tikiti kuɗin yaro daban ne da na babba, na ɗan ƙasa daban da na baƙo. Kafin mu wuce, abu uku muke tambaya: ƙarfe nawa za a rufe zauruka yau, don ana rufe su da tsakar rana kuma lokacin yana canzawa da azumi, a ina aka yarda a ɗauki hoto kuma ko ana biya, sannan ko akwai mai jagora da yake jin Hausa. Ta ukun tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin bayanan da ke jikin kayan da Faransanci aka rubuta su. Wanda ba ya karanta shi, ko ya zo da ɗan lakwal babba, ko ya ɗauki mai jagora. In za a ɗauka, a daidaita kuɗi da lokaci tun a nan. Mu kan ce masa: "Malam, minti arba'in da biyar muke so, ƙasusuwa da itacen Tenere da zauren tufafi, kuma da yaran za ka yi magana, ba da mu ba." In ba a faɗi haka ba, zai yi muku cikakken zagaye irin na manyan baƙi, da kyakkyawar niyya, amma yaran sun gaji tun a zaure na biyu. Tikiti a ajiye shi har a fita. Kafin a yi nisa kuma a nuna wa manyan yaran mai gadin ƙofa, a ce: in an rabu, nan ake haɗuwa.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke ɓata tafiyar. Da shiga, yara za su ji ƙarar dabbobi ko su hango keji, su ce zaki suke so. In aka bi su, shi ke nan. Yaron da ya ga zaki da dorina ba zai yarda ya shiga ɗaki ya kalli riga a cikin gilashi ba, kuma kafin a gama da dabbobi an rufe zaurukan. Mu dabbobi muke ajiyewa a ƙarshe, mu yi alkawari a fili: "Bayan mun ci biredi, sai zaki." Akwai hasara a ciki, ba na ɓoyewa, don da sanyin safiya dabbobin suka fi motsi. Amma zaki dabba ne mai kwana mafi yawan yini ko a daji, kuma yaro yana murna da shi ko a kwance ya same shi.

Da ƙasusuwa muke farawa, don su ne kaɗai abin da yake iya mantar da yaro zaki. Ƙasar nan tana cikin wuraren da aka fi haƙo ƙasusuwan dinozor, wato dabbobin zamanin da can da irinsu ya ƙare, a Afirka, kuma a Muze ake ganin shaidar hakan. Akwai ƙaton kada da ake kira Sarcosuchus, wanda aka samo a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a kudu maso gabashin Agadas. Ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, tsawonsa ya kai mita tara ko fiye, ƙoƙon kansa kaɗai ya kai tsawon babban mutum. Akwai Ouranosaurus, mai dogayen ƙasusuwa a tsaye bisa gadon baya, wanda masanin Faransa Philippe Taquet ya haƙo a wuri guda a shekarun 1960, an kuma haɗa sunan Nijar a cikin sunansa na kimiyya. Sai Jobaria mai dogon wuya, da ayarin Paul Sereno na jami'ar Chicago ya tono a yankin Ingal a 1997, tsawonsa wajen mita 18.

Kada a karanta wa yara waɗannan lambobi, ba sa shiga. Abin da yake shiga shi ne awo da ƙafa. Takun yaro ɗan shekara shida wajen rabin mita ne, don haka muna sa shi ya tsaya daidai kan Jobaria ya taka zuwa ƙarshen wutsiya yana ƙirgawa da ƙarfi. Zai samu talatin da wani abu. In an koma gida ya sake taka adadin nan a tsakar gida ko a titi, a nan ne girman yake kama shi. Wajen ƙaton kadan nan kuma a sa su ƙirga haƙoran gefe ɗaya, sannan a ce su riƙe girman bakin nan a ransu, don an jima za su ga kada mai rai su gwada.

Tambayoyi uku ne suke dawowa kusan kullum. "Baba, dodo ne?" A'a, dabba ce kamar sauran dabbobi, irinta ta ƙare tun kafin ɗan Adam ya zo duniya. Ɗan shekara uku yakan tsorata da haƙora, to a ɗauke shi a fara nuna masa daga wajen wutsiya, kada a tura shi gaba don a yi hoto. "Me kada yake yi a cikin hamada?" Wannan ita ce tambayar da na fi so, don amsarta gaskiya ce mai ban mamaki: a wancan zamani inda Tenere take yanzu manyan koguna ne da itatuwa, da kifayen da suka isa ciyar da kada irin wannan. "Ƙashin gaske ne?" Wasu na gaske ne da suka zama dutse, wasu kuma, musamman manyan da aka tsayar a kan ƙarafa, kwafi ne da aka zuba daidai da siffar na ainihi, domin ƙashin da ya zama dutse yana da nauyi ƙwarai kuma yana karyewa. A tambayi mai jagora wane ne wane, a gaya wa yaro gaskiya. Minti ashirin da biyar muke yi a nan, kuma ba na ganin an yi asarar ko ɗaya.

Daga nan sai itacen Tenere. Wanda bai san labarinsa ba zai ga busasshen kututture ne a cikin ɗan gini, ya wuce. Saboda haka labarin ake fara ba yara tun ana tafe. Itacen ƙaya ne da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, ba wani itace kusa da shi a tazarar wajen kilomita 400. Ayarin raƙuman gishiri masu tafiya daga Agadas zuwa Bilma da shi suke gane hanya, kuma ba mai karya reshensa ya hura wuta. Da aka haƙa rijiya kusa da shi a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi, a watan Nuwamba na shekarar aka kawo shi Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Yara suna jin zafin labarin nan, har mai shekara biyar zai tambaya yadda aka yi direba bai ga itace ɗaya tak ba a fili. A bar su su yi ta maganar. Minti goma ya isa.

Zauruka biyu kawai muke shiga, ba ƙari. Gine-ginen kansu abin kallo ne, farare da shuɗi da zane irin na maginan Hausa, a tsaya a nuna wa yara kafin a shiga. Na farko zauren tufafi, inda ake ganin suturar Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Barebari da Tubawa. Dabarar da take aiki ita ce "nemo mini". Kafin a shiga a ba kowane yaro aikinsa: kai nemo mini takobi, ke nemo mini awarwaro mafi girma, kai kuma rigar da ta yi kama da ta Kaka. Yaron da yake neman abu yana kallo da gaske, wanda aka ce masa "kalli, kalli" kuwa gudu yake yi tsakanin akwatunan gilashi. A cikin zaure hannun ƙaramin yana cikin na babba koyaushe, abinci da ruwa suna cikin jaka. Na biyu zauren kayan kiɗa. Kafin yaro ya ga sunan abu, a tambaye shi ko ya taɓa jin sa: kalangu a gidan biki, algaita da kakaki a ƙofar sarki, goge, gurumi. Yara da yawa da aka haifa a Yamai sun ji sautin a rediyo ko a salula, ba su taɓa ganin abin da yake fitar da shi ba. Minti goma sha biyar kowane zaure. Alamar an kai iyaka ita ce yaro ya fara jingina da bango ko ya zauna a ƙasa. Da an ga haka a fita, ko da saura akwati uku ba a duba ba.

Duk ƙofar da aka fita, a ƙirga yara da ƙarfi. Mun mai da shi wasa, kowa yana da lambarsa yana amsawa.

Samfurin gidajen gargajiya a hanya suke, kuma a fili, don haka nan ne wurin da za a saki hannu kaɗan. Gidan ƙasa, bukkar ciyawa, tantin makiyaya, rumbu. Ga yaron da iyayensa daga Tawa ko Maraɗi ko Damagaram suka zo, shi kuma a gidan siminti ya tashi, a nan ake ce masa: irin wannan ɗakin aka haifi kakanka. Kada a bar yaro ya kutsa cikin bukka mai duhu shi kaɗai, babba ya fara leƙawa.

Wajen ƙarfe goma da rabi muke shimfiɗa tabarma a inuwa, nesa da kejin birai. A wanke hannu da sabulu, a ci, a sha, a kai kowa bayan gida ko ya ce ba ya ji. Ruwa kuwa ba a jira sai yaro ya ce ƙishirwa, tun daga ƙofa kowane minti ashirin ake ba shi rabin kofi. Yaro in wasa ya ɗauke masa hankali ba ya faɗa. Alamomin da muke dubawa: ya yi shiru ba dalili, leɓe ya bushe, yana kukan ciwon kai, ko fuska ta yi ja. In an ga haka a kai shi inuwa, a cire hula da takalmi, a jiƙa masa kai da wuya, a dama SRO ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In babu ƙunshin, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In yana amai, ko ya rikice, ko jiki ya yi zafi ƙwarai ba gumi, tafiya ta ƙare, sai likita nan take.

Sannan a cika alkawari. Minti arba'in muke ba dabbobi: zaki, kura, dorina, kada, jimina, birai. A wajen kada a tuna musu da wanda suka gani da safe. Dorina tana iya daɗewa a cikin ruwa ba a ganin komai sai hanci da kunne, a ce wa yara su yi shiru su ƙirga, za ta ɗago ta yi numfashi cikin ƴan mintuna. Kada a ɗora yaro a kan shinge ko katangar ramin dabba don ya gani da kyau, a ɗauke shi a kafaɗa a ja baya taku ɗaya. Jimina tana da dogon wuya kuma tana saran abu mai ƙyalli, ɗan kunne ko maɓalli, a bar tazara.

Birai ne suka fi haɗari, don su ne yara ba sa tsoro. Hannun biri yana fitowa ta tsakanin ƙarafa fiye da yadda ake zato, kuma abin da ke hannun yaro yake nema. Kafin a isa wurinsu, duk abinci ya koma jaka. In biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar cur, a gaya wa ma'aikata, a tafi likita a ranar saboda ciwon haukan kare, ko da ciwon ɗan ƙarami ne. Akwai kuma abin da yake damuna a duk zuwa: yara, har da manya, masu jifar dabba da tsakuwa ko zungurar ta da kara don ta tashi a yi hoto. Dabbar da ke cikin keji ba ta da inda za ta gudu. Ba ma barin namu su yi, kuma in wani yaro yana yi a gabansu muna hana shi da lallashi, don abin da suka ga an ƙyale shi za su ɗauka daidai ne.

Masu sana'ar hannu muke ƙarewa da su, in da sauran ƙarfi. Akwai maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, masassaƙa, kuma a gabanka suke aikin. A koya wa yaro ya fara gaisuwa, "Sannu da aiki, Baba," ko "Fofo" in Bazabarme ne, sannan ya nemi izini kafin ya matso. Masaƙi ne ya fi riƙe ƙananan yara, saboda ƙafa da hannu suna aiki tare ga ƙarar ƙoshiya. Wajen maƙera a kula da wuta da kayan da aka ajiye su huce, azurfa mai zafi ba ta nuna alama. Manyan yara a nuna musu kuros ɗin Agadas, wato abin wuya na azurfa na Buzaye, da sauran ƴan uwansa, ana lissafa 21, kowanne da garinsa, har da na Tawa. Tun a gida muke yanke abin da za a saya: abu ɗaya ƙarami ga kowane yaro, ɗan jakar fata ko zobe, da iyakar kuɗinsa. In ba a yanke ba, a nan kuka yake tashi. Wanda ba zai saya ba kada ya sa mai sana'a ya baje kaya, kuma a tambaya kafin a ɗauke shi hoto.

Kafin sha biyu muna waje. Yaran za su ce ba su gaji ba, amma a taksi za su yi barci.

Da yamma ko washegari muna ba su takarda da fensir kowa ya zana abu ɗaya da ya gani, ya kai wa Kaka ya yi mata bayani. A nan ake gane abin da ya zauna. Ƴan lakwal kuma a nan muke gaya musu mai sunan gidan: Boubou Hama, wanda aka haifa a Foneko kusa da Tera a 1906, malamin makaranta ne kuma marubucin tarihi, ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, ya rasu a 1982. Shi ne ya tsaya aka kafa gidan, tare da Pablo Toucet wanda ya fara shugabantarsa, aka buɗe shi a Disamba 1959, kafin samun ƴancin kai.

Masu tambaya ko za a iya kai yara gidan tarihin jihar Doso a dawo a yini ɗaya: ana iyawa, amma ba da ɗan shekara uku ba. Wajen kilomita 140 ne daga Yamai, awa biyu zuwa uku kowace tafiya in an haɗa da tsayawa a shingayen bincike, don haka awa biyar a mota saboda kallon da bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Ga ƴan shekara takwas zuwa sama ya dace, musamman in an haɗa da ganin fadar Zarmakoy, sarkin Doso. A tashi bayan sallar asuba, a ɗauki katin shaida na manya da takardun haihuwar yara, a ninka ruwan, a tambayi halin hanya kwana ɗaya kafin tafiya, kuma a kamo hanyar dawowa tun ƙarfe uku don kada dare ya yi a hanya. Masu zuwa daga Tawa lokacin hutu kuwa, tafiyar ta fi kilomita 500, a bar yara su huta kwana ɗaya cur a gidan dangi kafin a kai su Muze.

Zauren uraniyom, da na zanen duwatsu, da na kayan da aka tono a ƙasa, muna ajiye su sai yaro ya kai CM1, aji biyar na firamare. A lokacin ya fara karanta bayanin da kansa, ya ji sunan Arlit da Ayar a aji, kuma yana iya tsayawa minti ashirin gaban taswira. Wannan zuwan daban muke yin sa, da yamma bayan an sake buɗe zauruka, babba ɗaya da yaro ɗaya ko biyu, ƙananan suna gida.